Kifin Yaya da Hular Alhaji

Tun da babbar waya ta shigo hannun mutanenmu na zama abin tsoro a gurup ɗin dangi. Ba na ɓoyewa, kuma ban yi nadama ba. In aka turo cewa akwai wata lamba wadda in ta kira ka ka ɗauka jini zai fito maka ta kunne, ni ce mai cewa a ba ni lambar in kira ta da kaina. In aka turo hoton tunkiya ta haihu da fuskar mutum, ni ce mai tambaya tunkiyar wa, a wace unguwa. Baban yarana yakan ce, "Ke dai ki yi ɗinkinki, mi ya yi miki zafi?" Ni tela ce, a cikin gida nake taka kekena nan Madarunfa, amma kunnena ba ya hutu don ƙafata na aiki. Yawanci abin bai wuce dariya da ɗan jin haushi ba. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne wanda ya tashi raba yayata da abincinta.

Uwarmu ɗaya da Yaya, uba kowa da nashi. Ta girme ni sosai, a bayanta na yi wayo. Tun da mijinta ya rasu, suyar kifi a tasha ce ta riƙe ta ita da ɗiyanta. Da safe masunta su kawo mata karfasa da tarwaɗa daga tabki, ta kankare, ta wanke, ta barbaɗa gishiri, kafin azahar man gyaɗa ya fara kuka a kasko. Direbobin Ɗan Issa, masu kabu-kabu, ma'aikatan da ke komawa Maraɗi da yamma, kowa ya san rumfarta. Akwai masu suya a cikin unguwanni, amma in aka ce mai kifin tasha, ita ake nufi. Mace ce marar magana. Bakin gidanmu duka ni aka ba, ita aka bar mata haƙuri.

Wata ranar bazara ina tsakar ɗinkin wani zanen atamfa saƙo ya shigo, bidiyo da vokal a ƙarƙashinshi, wato saƙon murya. A bidiyon ga taron mutane sun yi ma wata mata ca, ana ihu, ana ture-ture, an kifar da kaskonta, kifi ya watse a ƙasa. Fuskarta ba ta fito ba. Na danna vokal ɗin, sai na ji an yi gyaran murya, irin wanda na sani tun ina yarinya.

"Salamu alaikum ƴan uwa. Ku kiyaye iyalanku. An kama mai suyar kifi a tashar Madarunfa tana zuba ma kifi maganin nan da ake sa ma gawa a ɗakin ajiya don kar ta ruɓe. Gida guda sun ci, ba wanda ya tashi. Wanda ya ji bai tura ba, alhaki na wuyanshi."

Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba maganar ce ta fi tayar mini da hankali ba, mai maganar ne. Alhaji ne, ɗan gwaggona, yayar babana. Babban ɗan kasuwar hatsi da wake ne a Ɗan Issa, ya yi furfura tun ina goyon fari. Mutum ne da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. In rigimar gona ta gagara shi ake kira, in ya ce haka ne, kowa ya kaɗe rigarshi ya tashi.

Abin da ke faruwa a wurinmu shi ne ba a cika tura rubutu ba, don da yawa ba su karantawa. In saƙo ya zo da wani bakin da tsofaffi ba su ganewa, sai wanda ya gane ya sake faɗar shi da muryarshi, don taimako. Niyyar mai kyau ce. Amma daga wannan lokacin saƙon ya daina zama na baƙon da ba a sani ba, ya koma naka, da mutuncinka yake yawo gida-gida. Wanga kuwa da mutuncin Alhaji ya fito.

Kafin la'asar ya gama garin. Washegari Yaya ta soya kifinta kamar kullum, ta jera a faranti, ta zauna tana korar ƙuda. Masu kabu-kabun da ke cika mata benci suka koma gindin bedi can nesa suna satar kallonta. Wata mata ta fizge hannun ɗanta da ya nufi rumfar. Da yamma Yaya ta kwaso kifin duka ta kawo gida, ta aika ma maƙwabta sadaka kamar yadda ta saba in ya yi kwantai. Aka maido mata kwanonin a rufe, ba a ko taɓa ba.

Ni kuwa na ajiye ɗinki na zauna da bidiyon. Na kalla, na tsayar, na matso da shi, na sake kallo. Haba jama'a! A bayan taron ga wata gada ta sama motoci na wucewa a kanta. Ga ƙananan bas masu ruwan ɗorawa jere. Ga bene a kan bene. Ƙasar wurin jiƙe take sharkaf, mu kuwa ko ɗigon ruwa ba mu gani ba tukuna, zafi na neman kashe mu. Kifin da ya zube ma ba na tabkinmu ba ne, irin dogon nan ne na kwali da ake kawowa daga teku. Wanda duk ya taɓa tsayawa a tasharmu ya san abin da ke cikinta: rumfuna, itatuwan bedi, da awaki.

Sannan ga babbar tambayar da ta fi duka. A Madarunfa gida guda su mutu, ba a yi zaman makoki ba? Mu da ko jariri ya koma sai mun yafa mayafi mun je gaisuwa? Na bi matan unguwarmu ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, wa ta je gaisuwar? Wannan ta ce an ce ƴan ƙauye ne, can wajen Gabi. Na kira matar ƙanen mijina da ke aure a Gabi, ta ce su kuma an ce musu mutanen garin Sarkin Yamma ne. Mamatan nan dai duk inda na nufa sai su matsa gaba.

Na ɗauki waya na yi nawa vokal ɗin, na jera duka wannan dalla-dalla, na ƙara da cewa matar da aka ce an kama ga ta nan zaune a rumfarta, ko ƙwarzane babu a jikinta, mai ido ya je ya gani. Na tura ina jin na gama da magana. Ashe ban fara ba. Ba wanda ya ce mini gadar tamu ce, ba wanda ya kawo sunan mamaci. Abu guda kawai aka yi ta maimaita mini: "Kina nufin Alhaji ya yi ƙarya?" Wani kawunmu ya kira baban yarana ya ce ya ja ma matarshi kunne. Wata kuma ta ce ai don yayata ce nake kare ta. To, da yayar wa zan kare?

Raina ya ɓaci ƙwarai, har abinci ya daina shiga. Amma na fahimci abu ɗaya. Hujjata ba ta da laifi, bakin da ta fito ne bai kai ba. Muryar Alhaji ce ta ɗaure maganar, kuma ba mai kwance ta sai ita. Matsalar ita ce duk dangi ba mai iya tsayawa gabanshi ya ce, "Alhaji, ka yi kuskure." Manya na jin nauyinshi, ƙanana na jin tsoronshi. Aka ce mini in bari, zai wuce.

Bai wuce ba. Yaya ta daina hura wuta. Masunta suka daina biyowa ta wajenta. Da na shiga gidanta wata safiya na tarar ta wanke kaskon tas ta kife shi bayan ɗaki, tana ɗaure kaya a zane.

Na ce, "Yaya, ina zuwa?"

Ta ce, "Na yi magana da wata. Akwai gidan da ke neman mai wanke-wanke a Katsina. Yaran su zauna wajenki kafin in ga yadda hali zai yi."

"Aikatau? Da girmanki? Ke da kike ciyar da mutane, ki koma wanke kwanon da ɗiyan wasu suka ci?"

"To mi zan yi? In zauna ana nuna ni da baki?"

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi, kuma kukan haushi ne. Na ce ta ba ni zuwa bayan sunan da za a yi a gidan gwaggo, in ban yi komai ba ni da kaina zan raka ta mota. Ta kalle ni ta ce, "Kar ki je ki yi rashin kunya saboda ni." Na ce rashin kunyar da zan yi halattacciya ce.

Ga abin da na tuna. Alhaji ɗan mace ne, ni ɗiyar namiji, wato taubashina ne. A al'adarmu tsakanin taubasai akwai wasa, kuma ba a fushi. Ɗiyan namiji mu ne iyayen giji, ɗiyan mace bayinmu ne, haka muka tarar ana yi. Ina da damar in tsokane shi a gaban kowa, in ƙwace mishi abu sai ya fansa, shi kuma in ya ɓata rai shi ya ji kunya, ba ni ba. Yaya ba ta da wannan damar, don ba ubanmu ɗaya ba. Ni ma na daɗe da ajiye wasan, tun da ya je Makka ya dawo kowa ya koma rusuna mishi. Amma ajiyewa na yi, ban yar ba.

Ranar sunan, da hantsi, bayan an raɗa suna an raba goro, Alhaji ya shigo cikin gida gaida mahaifiyarshi da sauran tsofaffi. Tsakar gida cike da mata, ana ta tuƙa tuwo. Ya durƙusa gaban gwaggo cikin babbar riga fara ƙal, da doguwar hula mai aiki. Ni kuma na fito daga ɗaki na yafa baƙin mayafi, ɗauke da ƙwarya cike da gero, irin wadda muke kaiwa gidan rasuwa. Na zo na dire ta a gabanshi, na sa hannu na cire hular daga kanshi.

Sanƙonshi ya fito fili yana ƙyalli.

Na ce, "Bawana, tashi ka ɗauki ƙwaryar uwargijiyarka ka wuce gaba."

Ya ɗago, ya ga ni ce, sai ya yi murmushin dole. "Ke ƴar kawu, ba ki girma ba har yanzu? Ina za mu?"

"Gidan makoki. Mutanen da ka ce sun ci kifi sun mutu. Na bi Madarunfa, na bi Gabi, na bi Sarkin Yamma, ban samu gidan ba. Kai da ka sanar da rasuwar ai ka san ƙofar. Kai ni in yi gaisuwa, kar a ce ba mu da zumunci."

Wata tsohuwa ce ta fara fashewa da dariya, sai sauran suka biyo. Alhaji ya juya wajen mahaifiyarshi yana neman ceto. Gwaggo ta gyara zama ta ce, "A'a, kar ka dube ni. Tsakaninku ne, ni ba ruwana."

Ya ce, "To ai ni ban san gidan ba. Turo mini aka yi."

"Wa ya turo?"

"Wani direba da ke ɗauko mini kaya daga Najeriya."

"Shi ya ce maka Madarunfa?"

Ya laluba aljihu ya fiddo wayar, ya nemo saƙon na asali ya kunna. Wani mutum ne ke magana da sauri, rabi Turanci rabi wata gurɓatacciyar Hausa. Duk abin da ya ce game da wuri shi ne "a tashar garin nan." Direban kuma ya ɗora da cewa, "Alhaji, ku da ke da masu kifi, a yi hattara."

Alhaji ya ce, a hankali, "Da na ji an ce kifi, kuma aka ce garin nan, sai na ɗauka..." Bai ƙarasa ba.

Na matsa kusa na buɗe mishi bidiyon a wayata, na tsayar daidai kan gadar. Na ce, "Bawana, yaushe ka gina muna wannan ba ka gaya muna ba? Ka ga har da bene. Allah ya saka, amma ka nuna muna inda ka ɓoye su." Mata suka sake kwashewa. Shi bai yi dariya ba wannan karon. Ya riƙe wayar ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wallahi ban lura ba. Matar kawai na kalla." Sannan ya ce, "Amma ai ban kama sunan kowa ba."

A nan na ajiye wasa, ko da yake hular na hannuna. Na ce, "Alhaji, in aka ce mai kifin tasha, wa ake nufi a garin nan? Yayata ce. Ta kife kaskonta. Ta ɗaure kaya za ta tafi aikatau Katsina, ta bar marayu."

Na ga maganar ta shige shi. Mutumin kirki ne, ban taɓa cewa ba shi ba ne. Ya sunkuyar da kai yana salati. Can ya sa hannu a aljihu zai fanshi hularshi kamar yadda aka saba. Na ce ya mai da hannunshi, yau ba wannan fansar nake so ba. Hular na rumfar Yaya, bayan la'asar. Mai son ta ya zo ya ci kifi ya karɓa.

Wani daga zaure ya aiko mishi da aron hula. Ya ce a mai da, hularshi zai je ya karɓo.

Daga can gidan Yaya na wuce da gudu-gudu. Sai da na yi da gaske kafin ta yarda. Ni na je bakin tabki na samo kifin, ni na ɗauko kaskon a kaina, ita ta biyo ni a baya kamar wadda za a kai gaban alƙali. Amma da ta zauna gaban murhu, hannunta ya tuna aikinshi. Ƙamshi ya tashi, masu kabu-kabu suka fara waiwaye.

Bayan la'asar motar Alhaji ta tsaya a tasha. Ya fito ba hula, rana na dukan sanƙonshi, mutane suka miƙe tsaye don ba su taɓa ganin shi haka ba. Ya zo ya zauna a bencin da ya yi kwanaki ba kowa. Ya ce, "Hajiya, a ba ni tarwaɗa, mai kai, a sa yaji da yawa." Yaya ba ta taɓa zuwa Makka ba, amma ranar ta zama Hajiya. Ya nannaɗe hannun riga ya ci, ya tsotse ƙaya, ya ce a ƙaro. Sannan ya fiddo waya, da maiƙo a yatsunshi, ya yi gyaran murya ya ce shi ne ya yi vokal ɗin farko, bai bincika ba, bidiyon ba na garinmu ba ne, ba wanda ya mutu, ga shi zaune a rumfar yana cin kifin. Ya ce wanda duk ya tura na farko, ya ji tsoron Allah ya tura wannan. Ya juya ya ce ma Yaya ta yafe mishi. Ta ce, "Ba komai, Alhaji, Allah ya yafe mu duka," idonta na kan kasko. Na ɗora mishi hularshi da hannuna, na karkata ta gefe don kar ya ji daɗi da yawa.

Ba zan ce gari ya dawo a yini ɗaya ba. Vokal na biyu bai yi gudun na farko ba, na lura da wannan, kuma har yau yana ba ni haushi. Masu kabu-kabu ne suka fara dawowa, don dama yunwa na cin su, sai direbobi, sai sauran. Yaya ta kwance kayanta. Ba ta je Katsina ba, yaranta a gabanta suka girma, rumfar na nan inda take, har ta ƙara benci. Ni kuma a gurup yanzu in na ce "wa ya gani da idonshi?" ba a kiran mijina. Wani lokaci ma Alhaji ke riga ni tambaya.

Sai dai akwai abin da vokal ɗin Alhaji bai gyara ba. Tun daga lokacin, duk wanda ya sayi kifi, kafin Yaya ta naɗe mishi a takarda sai ta ɓalli kaɗan daga jikin nashi ta sa a baki, ta tauna a gabanshi, sannan ta miƙa. Ba wanda ya ce ta yi. Baƙi ma da ba su taɓa jin labarin ba haka take yi musu, su tsaya suna kallonta ba su gane ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce hannunta ne ya saba.

Kwanan baya na biya ta tasha zan kai ɗinki, na ce ta ba ni karfasa biyu in kai ma yara. Muna hira ta zaɓo mini masu kyau, ta barbaɗa yaji. Sai na ga ta ɓalli gefen ɗaya ta kai baki.

Na ce, "Yaya, ni ce fa."

Ta tsaya da taunar, ta kalle ni, ta kalli kifin. Ta ce, "Na sani." Ta haɗiye, ta naɗe ta miƙo mini.